Mai Ruwan Ƙasa

Lahadi, 6 ga Nuwamba 2016, bayan La'asar

Muna Birmingham tun safe. Yelwa tana asibiti. An rufe mata hanci da baki da roba, iska tana shiga da ƙara kamar zugazugi. Jiya ne Turawa suka yi wasan wutarsu na shekara, hayaƙi ya cika Ladywood, unguwar da take zaune, asmarta ta tashi. Ƙawarta da suke flat ɗaya ta ce ta yi ta shaƙar shuɗin maganin har ya ƙare, bai yi komai ba. Leɓenta ya canza launi kafin motar asibiti ta iso.

A bakin ƙofa matar da ke kan tebur ta tambaye ni sunan marar lafiya. Na tsaya ina kallonta. Injiniya, maigidana, shi ya faɗa daga bayana. 'Yar fari ce. Shekara sha tara ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, haka aka tashe mu. Yelwa ma laƙabi ne da Yaya Rabi'a ta sa mata. Matar ta ɗauka Turanci ne ban ji ba. Na bar ta a haka.

Wannan littafin na ajinmu ne na laburare, kafin a rufe ajin, aka ce council, hukumar gari, ba ta da kuɗi. Malama Scholastica ta ce mu riƙa rubutu kullum, ko layi ɗaya ne, da kowane yare, don kada hannu ya manta. Ina da shekara talatin da takwas na fara riƙe biro. Yau ban san da wa zan yi magana ba, shi ya sa na ɗauko shi.

Litinin, 7 ga wata, da hantsi

An cire robar. Ta buɗe ido ta ce, “Umma.” Babanta ya riƙe hannunta. Ni na gyara mata bargo ta wajen ƙafa.

Talata, 8 ga wata, bayan Azahar

Babban likita ya zo da kwamfutarsa. Ya yi mata tambaya, ta ba shi amsa. Ba zan rubuta wannan yau ba.

Laraba, 9 ga wata, da yamma

Akwai nas a ɗakin, 'yar Jos ce, sunanta Kaneng. Ta ji ina salati sai ta ce, “Lale, Mama, ashe 'yar gida ce.” Hausarta ta fi ta yarana nesa ba kusa ba. Ta kawo mini shayi, ta ce in ban sha ba za ta rubuta ni a jerin marasa lafiya, kuma ba gado, sai dai ta shimfiɗa mini tabarma a baranda.

Ta ɗauko abin shaƙa guda biyu daga aljihunta tana nuna mini, kamar ban san su ba.

“Mama, shuɗin nan bokitin ruwa ne na ranar gobara. Mai ruwan ƙasan nan shi ne yayyafin da ake yi kullum, safe da yamma, don kada wutar ta kama tun farko. Mutane sun fi son shuɗin don nan take suke jin aikinsa. Amma mai ruwan ƙasan shi ke riƙe da rai.”

Na ce to.

Ta ce abin da ya ɗaure wa likita kai ke nan. Yarinya tana shan mai ruwan ƙasa kullum, amma ta zo a wannan hali.

Na ce Allah ya sawwaƙe. Shayin ya huce a hannuna.

Alhamis, 10 ga wata, bayan Asuba

Zan rubuta abin ranar Talata, don ya hana ni cin abinci.

Yelwa ba ta sauya GP, likitan unguwa, ba da ta tafi uni, wato jami'a. Har yanzu na Longsight ne, unguwarmu a Manchester. Ni nake karɓar mata magani kowane wata a kemis ɗin Stockport Road, in ta zo hutun ƙarshen mako in ba ta. Likita ya duba kwamfuta ya ce, ga shi nan, ana karɓar shuɗi da mai ruwan ƙasa kowane wata, ba fashi, na ƙarshe ranar ashirin ga Oktoba. Ina jin Turanci daidai wannan. Sai ya ce mata, kina shan mai ruwan ƙasan kullum?

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta juyo ta kalle ni. Ban san tsawon lokacin da ta yi tana kallona ba. Babanta yana duba wayarsa.

Ta juya ta ce wa likita, “Yes. Every day.”

Wata bakwai rabonta da ganin mai ruwan ƙasa. Ni na sani, ita ma yanzu ta san na sani.

Asabar, 12 ga wata, da Magariba

An sallame ta, mun dawo Manchester da ita. Sun ba ta ƙwayoyi farare da wani sabon abin shaƙa mai ƙarfi. Za ta koma ganin likita ran ɗaya ga Disamba. Ya ce tunda ciwon ya fi ƙarfin maganin da take sha, yana ganin ba za a tsayar da ƙwayoyin ba, za ta daɗe a kansu, wataƙila shekaru. Ranar zai yanke.

 A mota ta sa abin jin waƙa a kunne, ta jingina da taga.

Lahadi, 13 ga wata, da hantsi

Akwai ƙunshi a ƙasan sif ɗina, a cikin tsohon zani. Sabulu, man zafi, safa, da mai ruwan ƙasa guda biyu, na Satumba da na Oktoba. Sunusi, ɗalibin da ke digirin ƙarshe a Salford, zai tafi Kano ran uku ga Disamba. Shi ko wani irinsa nake ba wa. Ba sa buɗe saƙon mata.

Na buɗe sif na rufe ya fi sau biyar yau.

Talata, 15 ga wata, bayan yara sun tafi makaranta

Yaya Rabi'a ta turo saƙon murya. Ta ce, “Kubura, yaya jikin 'yata? Ki ce mata na sa an yi sauka. Kuma ki yi haƙuri, in ɗan saƙon nan zai samu, na ƙarshen ya fara nauyin iska.”

Ina da shekara shida mahaifiyarmu ta rasu. Yaya ce ta goya ni, tana amarya a lokacin. Ita ta yi mini kitso, ita ta yi mini kayan ɗaki da kuɗin ɗinkin hula. Da na haifi Yelwa, wata uku a hannunta take kwana, ni ko ɗaukarta ba na yi a gaban mutane. Har gobe in tana magana sai ta ce “'yata”.

Yaya tana da asma tun ina ƙarama. Na san ƙarar ƙirjinta kamar yadda na san muryarta. A can ba mai ba ka magani don kana ɗan ƙasa. In kana da shi ka saya, in babu ka zauna a bakin ƙofa ka riƙe gwiwa har ya wuce. Ta sha sayen wanda ta shaƙa ta ji kamar iska kawai aka ɗura.

Bara na ga mai ruwan ƙasa guda uku a durowar Yelwa, ba a ko buɗe ba. Lokacin kyauta ake ba ta, tana 'yar makaranta, kuma da zafi ba ta cika damuwa da shi ba. Na ce maimakon su lalace. Na aika. Bayan wata biyu Yaya ta kira ni tana dariya, ta ce ta je kasuwar Rimi da ƙafarta ta dawo, ta yi azumi cur ba ta sha ko ɗaya ba. Ta ce, “Ashe haka mutane suke numfashi, Kubura?”

Hannuna ya gaji.

Talata, bayan La'asar

Na ci gaba.

Da ukun suka ƙare, Yaya ta tambaya. Ba ta san na Yelwa ba ne, na ce mata a nan ana samu. Na je kemis na ce a sayar mini. Suka ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Na yi tunanin in ce wa Yaya babu. Amma da wane baki? In ce mata na 'yata ne, 'yata ta fi ki buƙata? 'Yar fari? A gidanmu ko nama aka raba, naka ɗan fari shi ne na ƙarshe, kuma kai da kanka za ka tura kwanon gaba. Wadda ta nuna son ɗan fari a fili ba ta da kunya, ba ta da kara. Haka na taso ina ji.

A watan Maris Yelwa ta cika sha tara. A ƙasar nan daga nan kyauta ta ƙare, sai ka biya fam takwas da 'yan kai a kan kowane magani. Ina biya daga kuɗin cefane. Sai na ce a raina, ai yanzu ni nake biya, ba na kowa na ɗauka ba.

Na ba ta shuɗin kaɗai. Ta ce, “Umma, ina ɗayan?” Na ce, “Tunda kin kai sha tara sun daina ba da shi.”

Ta yi tsaki ta ce, “Komai sai sun yanke.” Ta jefa shuɗin a jaka. Ba ta sake tambaya ba. Me zai sa ta tambaya? An rufe ajinmu, an rage ranakun laburare, an rufe wajen wasan yara na bayan layinmu. Ƙaryata ta shige cikin gaskiyar gari, ba wanda ya lura.

Alhamis, 17 ga wata, da safe

Yaya ba ta ce in yi ƙarya ba. Wannan ni ce.

Juma'a, 18 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Injiniya ya tara mu a falo. Ya ce ya yi tunani, ya yi shawara da abokinsa likita. Tunda tana shan magani yadda aka ce kuma ta kusa tafiya, to Birmingham ba ta karɓe ta ba. Ranar ɗaya ga wata in sun ga likita, zai wuce makarantar ya ce ta ajiye karatu. Ta dawo gida inda ido yake kanta.

Ta ce, “Abba, shekara ta biyu nake. In na ajiye yanzu...”

Ya ce, “Digiri ba ya numfashi, Hajiyata. Uwarki tana nan, ita ta san ciwonki tun kina goye. Ko ba haka ba, Kubura?”

Na ce haka ne.

Yelwa ta yi wata 'yar dariya, ta tashi ta hau sama. Ya ce, “Ƙwayoyin nan ne suke sa ta fushi.” Na ce haka ne.

Lahadi, 20 ga wata, da yamma

Fuskar Yelwa ta fara cika. Kumatu sun yi tulu-tulu, ba irin na ƙoshi ba. Ba ta barci sosai, ga cin abinci kamar an aiko ta. Ƙanwarta ta ce mata “Wata” don zagayen fuskar, ta jefe ta da takalmi. Na karanta takardar da ke cikin kwalin ƙwayoyin, da yatsa, layi-layi. Ya ɗauke ni daga Azahar zuwa La'asar. Abin da na gane: in an daɗe ana sha, ƙashi yana yin laushi, sukari yana iya shiga, ido yana iya yin hazo.

Da ban iya karatu ba da ban sani ba. Na yi wannan tunanin, sannan na ji kunyar yin sa.

Talata, 22 ga wata, da hantsi

Ina yanka albasa Yelwa ta shigo kicin. Mu biyu ne a gidan. Ta ɗauki kofi ta tsaya a bayana.

Ta ce, “Mama Rabi ce, ko?”

Ban juya ba.

Ta ce, “Na ji muryarta a wayarki rannan. Tana magana doguwa ba ta tsayawa jan numfashi. Da ba ta iya haka.”

Na ce, “Ita ta riƙe ni.”

“Na sani, Umma. An ba mu labarin sau dubu.”

Na ce, “Me ya sa kika ce wa likita kina sha?”

Ta ce, “To me zan ce? A gaban Abba? A gaban Bature? In ce uwata ce?” Ta ajiye kofin. “Ke kika koya mana ba a tona asirin gida.”

Na ce mata zan gyara. Ta ce, “Da kin tambaye ni, da na raba da ita. Wallahi da na raba. Ko na je GP na ce nawa ya ɓata. Amma ba ki tambaye ni ba. Ba kya tambayata komai. Ko sunana ba kya faɗa.”

Na ce, “Kin san al'ada ce.”

Ta ce, “I know.” Ta fita.

Albasar ta ƙone. Na sake yanka wata.

Laraba, 23 ga wata, bayan Azahar

Na je kemis karɓar maganin hawan jinin Injiniya. Mai kemis ɗin ya ce, “Yaya 'yarki? Na wannan watan yana nan, a ba ki?” Shekara goma ina zuwa, ban taɓa faɗa masa sunanta ba, takarda nake miƙawa. Na ce a bari tukuna. Na fito na tsaya a tashar bas kamar mai jiran mota, alhali gidanmu ƙafa ne.

Juma'a, 25 ga wata, da safe

Abin da nake tsoro, in jera shi ko zai ragu.

'Yan sanda, don maganin gwamnati ne, sunan wata ne a jiki. Aikin Injiniya, da mutuncinsa a masallaci. Matan unguwa, a ce matar Injiniya ce ta yi. Idon Injiniya. Ƙirjin Yaya in saƙo ya tsaya.

Na jera, bai ragu ba. Sai da na gama na ga ban sa Yelwa a ciki ba. Ko a nan ma ita ce ta ƙarshe.

Asabar, 26 ga wata, da La'asar

Sunusi ya kira ya ce, “Hajiya, in akwai saƙo a kawo zuwa Juma'a, zan auna kaya.” Na ce to, zan kira shi.

Yelwa tana ta tattara littattafanta a kwali. Babanta ya ce ta bar wa ƙawarta ɗakin daga ƙarshen Disamba. Ba ta yi musu ba. Rashin musun ya fi damuna.

Litinin, 28 ga wata, bayan Asuba

Na yi istihara. Ban ga komai ba. Ina jin ba abin da za a nuna mini wanda ban sani ba.

Talata, 29 ga wata, da Magariba

Na je Birmingham ni kaɗai. Ban taɓa fita daga Manchester ba tare da Injiniya ba. Na ce masa zan je duba wata mai jego. Wannan ce ƙarya ta ƙarshe, in Allah ya yarda. Na hau bas daga Stockport Road zuwa cikin gari, na hau babbar mota. Na rubuta sunan asibitin a tafin hannuna don in nuna wa direban tasi. Guda biyun suna cikin jakata, na kwance su daga zanin.

A bakin ƙofa wata ce daban a kan tebur. Na ce ina neman nas Kaneng. Ta ce game da wane marar lafiya? Ba Injiniya a bayana, ba takarda a hannuna. Akwai mutane a layi suna jira.

Na faɗa. Sunan ya fito da ƙyar, kamar na haɗiyi ƙaya. Ta ce in sake. Na sake.

Kaneng ta fito bayan kusan awa ɗaya. Ta kai ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye barguna. Na ɗora guda biyun a kan tebur, sunan yarinyar a jiki, ba a buɗe ba. Na faɗa mata duka, daga durowa har zuwa “sun daina ba da shi”. Ina magana ina kallon takalminta.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, “Mama, kin san saura kaɗan ki binne yarinyar nan?”

Na ce na sani.

“A'a, ba ki sani ba. Ni na karɓe ta ranar. Ni na sani.”

Na ce, ai ina biya, ba ɗauka nake yi haka kawai ba. Ban san me ya sa na faɗi wannan ba. Ta ce, “Fam takwas ɗinki ba shi ya kawo likitan da ya rubuta ba, ba shi ya kawo motar da ta ɗauko ta ba, ba shi ya biya kwana shidan da ta yi a nan ba. Kowa ya zuba a tukunyar nan, har ni, har mai sharar ɗakin nan. An zuba ne don 'yarki ta yi numfashi.”

Sai ta zauna a kan kwalin barguna ta cire hularta. Ta ce babanta yana Bukuru da ciwon sukari. Ta ce duk ranar da ta buɗe firijin magani a nan, sai ta tuna shi. “Kina tsammani ban taɓa tsayawa ina kallo ba? Na yi aiki a Glasgow, can ko sisi ba a biya, yaro da babba. Nan a ce asma ba ta cikin na kyauta. Gida kuwa ba a ma san zancen ba. Duk numfashi ɗaya ne, Mama. Amma ba a gyara shi da na 'yarki.”

Na ce za a kira 'yan sanda? Ta ce ita nas ce, ba alƙali ba. Za ta faɗa wa likita yau, za a rubuta wa GP, wataƙila su kira ni su yi mini faɗa, kuma ba za a sake ba ni maganin kowa ba sai nawa. Ta ce, “Amma babanta ba aikina ba ne. Wannan naki ne.”

Ta raka ni har bakin titi. Ta ce, “Kin ci abinci?” Na ce e. Ta ce, “Mama, ba yanzu kika ce kin daina ƙarya ba?”

Laraba, 30 ga wata, da hantsi

Na faɗa wa Injiniya bayan ya karya, kafin ya fita aiki. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Wata nawa?” Na ce bakwai. Ya ce, “Kina zaune a falon nan na ce ido yana kanta a gida, kika ce haka ne.” Na ce e.

Ya ce, “Me ya hana ki gaya mini Yaya tana buƙata? Ni baƙo ne?” Na ce na ga an rage musu aiki, ga kuɗin makaranta, kuma dangina ne, na ji nauyi. Ya ce, “Kin ji nauyina, kin ji nauyin Yaya. Ita fa?”

Ya hau sama. Na ji ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Sun daɗe. Bai je aiki ba.

Alhamis, 1 ga Disamba, bayan La'asar

Sun tafi ganin likita su biyu. Ba a ce in zo ba.

Sun dawo. Za a riƙa rage ƙwayoyin a hankali har a tsayar kafin sabuwar shekara. Za ta koma uni ran Litinin. Injiniya ne ya faɗa, yana cire takalmi, bai kalle ni ba. Ya ce kuma ta yi rajista da GP a Ladywood, ita za ta riƙa karɓar maganinta da kanta. Akwai wani katin magani da ake biya na shekara, ya saya mata.

Alhamdu lillahi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji.

Juma'a, 2 ga wata, da hantsi

Na kai wa Sunusi ƙunshin. Sabulu, man zafi, safa. Ya ɗaga ya ce, “Hajiya, yau ba nauyi.”

Na dawo na kira Yaya. Muka gaisa, ta ba ni labarin bikin jikar maƙwabciyarta, ta ce an yi rowar nama. Na bar ta ta gama. Sannan na ce, “Yaya, saƙon nan ba zai zo ba. Ba zai sake zuwa ba.”

Ta ce, “Sun hana ne?”

Ga ƙofa a buɗe. Da na ce e, da shi ke nan.

Na ce, “Ba su hana ba. Tun farko ba nawa ba ne. Maganin Ruƙayyatu ne. Shi nake ɗauke mata ina aiko miki, shi ya sa ta kwanta.”

 Ina jin kaji a tsakar gidanta, da wani yana sayar da kalanzir a waje.

Ta ce, “Me kika ce?”

Na ce, “Na Ruƙayyatu ne, Yaya. Tana buƙatarsa.”

Ta ce, “Innalillahi. Kubura, numfashin 'yata kika yi ta ɗura mini? Na je Rimi da shi, na yi azumi da shi, ina ta sa miki albarka?” Ta yi kuka, ta zage ni irin zagin da rabona da ji tun ina 'yar shekara goma. Ta ce kunyar da aka koya mini ta baki ce, ba a ce in kai ta har ƙirjin yarinya ba. Ta ce, “Wa ya gaya miki ni ban san ɗan fari ba? Wa yake tashi ya duba ki in kina zazzaɓi? Don ba a faɗa, sai aka ce babu?”

Da ta huce ta ce, “Kuma har kin iya kiran sunanta a kunnena. Ingila ta gama da ke.” Ban san ko faɗa ba ne ko dariya. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Na ce Injiniya ya yi magana da wani likita a Kano da zai duba ta, ya nuna kemis na gaskiya, mu za mu riƙa aikawa. Ta ce in an samu. Ta ce yanzu ko masu kuɗi yawo suke da takarda a hannu, dala ta hana a shigo da shi. Na ce za a samu. Ba ni da tabbas.

Na ce nawa ya rage a na hannunta? Ta ce ba ruwana.

Kafin ta ajiye na ji shi. Ɗan siririn fito a ƙarshen numfashinta, wanda na sani tun ina shekara shida.

Litinin, 5 ga wata, da safe

Ta tafi. Babanta ya kai ta. Na sa mata dambun nama da yaji a jaka. A bakin ƙofa ta ce, “Sai an jima, Umma.” Na ce Allah ya tsare. Na so in ƙara wani abu, motar ta riga ta tashi.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Waya ta yi ƙara ina wanke kofuna. Yelwa ce. Ba ta yi sallama ba. Na ji ta girgiza wani abu kusa da wayar, na ji fesawa, ta ja numfashi ta riƙe. Na ƙirga tare da ita a raina har goma. Ta sake na biyu.

Ta ce, “Kin ji?”

Na ce, “Na ji, Ruƙayyatu.”

 Ta ce, “Ba haka ake faɗa ba a uni, amma ba laifi. Zan makara.” Ta kashe.

Yaya ba ta ɗauki wayata ba tun Juma'a. Zan sake gwadawa bayan Azahar.